Tsofaffin bindigogin .22: wace za ka fara saya, kuma me za ka duba

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina zaune a Birmingham ta Ingila. Na gama watannin gwaji a kulob ɗin harbi, 'yan sanda sun ba ni lasisi mai gurbin bindiga biyu ƙirar .22, masu ƙaramin harsashi mai faɗin 0.22 na inci, kuma sha'awata ita ce tara tsofaffi, na gasa da na farauta. An yi mini tayin uku: BSA Martini International Mk II a hannun wani dattijo na kulob ɗinmu, Brno Model 2 a shagon dillali, da Winchester Model 1890 da aka sake wa rini tana ta ƙyalli, ita ce kuma mafi tsada. Wace zan ɗauka, kuma me zan duba?

Amsa: Ƙanena, Allah ya sa albarka a wannan sha'awa. Ka ɗauki Martini ɗin idan cikin bututunta ya ci jarrabawar da zan bayyana maka. Ka sa Brno a gurbi na biyu. Winchester ɗin nan kuwa ka bar wa mai ita kayansa. Dalilan suna da ɗan tsawo, amma idan ka riƙe su ba za ka sake buƙatar tambayar kowa ba a kan bindiga ta huɗu da ta biyar.

Sai ka fara sanin harsashin, domin kusan duk wata cutar da ke kama waɗannan bindigogi daga gare shi take tasowa. Harsashin manyan bindigogi yana da ɗan maɓallin tayar da wuta a tsakiyar gindinsa. Na .22 ba shi da shi. Sinadarin da ke kunna albarushin an shafe shi ne a cikin leɓen gindin kwanson, zagaye, sai allurar bindiga ta daki leɓen ta matse shi a jikin ƙarfen bututu, wuta ta tashi. Wani Bafaranshe mai suna Flobert ne ya fara fito da dabarar a 1845, kamfanin Smith & Wesson ya fitar da .22 Short a 1857, sannan a 1887 kamfanin Stevens na Amurka ya fito da .22 Long Rifle, wanda har yau shi ake harbawa a gasar mita 50 ta Olamfik. Kan harsashin dalma ce mai laushi, nauyinta wajen giram 2.6, an shafe ta da kakin maiƙo. Wanda ake gasa da shi yana fita da gudun kusan mita 325 zuwa 330 a daƙiƙa, wato ƙasa kaɗan da gudun sauti, kuma da gangan aka yi haka, don harsashin da ya haura gudun sauti sannan ya sauko ƙasa da shi a kan hanya yakan ɗan yi rawa.

Abu biyu ke biyo bayan wannan. Dalma mai laushi da ɗan albarushi kaɗan ba sa cin ƙarfe da sauri, shi ya sa bindigar da ta yi shekara 70 tana aiki a kulob za ta iya zuba harsashi biyar a rami ɗaya a yadi 25. Amma kuma, tun da allura tana duka ne daidai bakin mazaunin harsashi, duk wanda ya ja kunama babu komai a ciki, allurar na iya sauka kai tsaye a kan ƙarfen. Ana yi ana yi sai wurin ya lotsa, ƙarfen ya kumburo ciki. Daga nan harsashi ya riƙa shiga da ƙyar, kwanso ya riƙa maƙalewa, wani lokaci ma ka ja kunama ka ji ƙas, babu tashi, don babu tsayayyen ƙarfe a bayan leɓen da za a matse shi. Maƙerin bindiga yana da ƙarfen da yake mayar da kumburin mazauninsa ba tare da ya kankare komai ba, gyara ne mai sauƙi in lotsawar ba ta yi zurfi ba. Wanda ya sa zarto ya goge wurin kuwa ya lalata bindigar har abada. Wannan shi ne wuri na farko da idona ke zuwa idan aka miƙo mini tsohuwar .22.

Akwai kuma shekarar da ya kamata ka haddace: 1927. Kafin wajen wannan lokaci sinadarin tayar da wuta yana barin gishiri a cikin bututu, gishirin ya jawo raɓa, tsatsa ta kama cikin kwana ɗaya ko biyu idan ba a wanke da ruwa ba. Wajen wannan shekara ne kamfanin Remington ya baza harsashin Kleanbore maras wannan gishiri, sauran kamfanoni suka bi. Saboda haka duk bindigar da aka ƙera kafin nan, ka ɗauka cikinta ya ci tsatsa har sai idonka ya nuna maka akasin haka.

Nan ne Winchester ɗinka ta fara faɗuwa. Model 1890 bindiga ce mai daraja, ƙirar John Browning, mai bututu kusurwa takwas, ana jan katakon gaba baya a tura shi gaba sabon harsashi ya hau. An ƙera sama da 800,000, kuma da yawansu sun ƙare rayuwarsu a rumfunan harbi na wuraren wasanni a Amurka, yara da manya suna biyan sulalla suna harbin agwagwar ƙarfe daga safe har dare, babu mai wankewa. Akasarinsu an yi su a zamanin harsashi mai gishiri. Sannan kowace ɗaya nau'in harsashi guda take ci: wadda aka rubuta wa Short ba ta ɗaukar Long Rifle, wadda aka rubuta wa .22 WRF kuwa harsashinta daban ne gaba ɗaya, ya fi kauri, samunsa a Ingila wahala ne. Ka karanta abin da aka buga a bututun. Sai maganar rinin. Kafin a sake wa ƙarfe baƙin rini dole a goge shi da inji, gugar kuwa tana cinye kaifin kusurwoyi, tana dusashe rubutun kamfani, tana mayar da bakin ramukan kusoshi kamar an ɗan kwarfe su. Ka sa yatsa a kusurwar bututun: ta asali tana da kaifi, gogaggiya ta yi sulɓi. A wurin masu tarawa, bindigar da rininta na asali ya koɗe ya koma ruwan toka ta fi wadda aka sabunta daraja nesa ba kusa ba, domin abin da aka kankare ba ya dawowa. Kyan ɗan maciji ne wannan ƙyalli, kuma dillalin yana neman ka biya kuɗin asali a kan abin da aka riga aka rage wa asali. In wata rana ka sami 1890 da ba a taɓa ba, lambar da ke jikin gangarta, wato ƙarfen tsakiya da ke riƙe kayan ciki, ta yi daidai da ta wutsiyar ƙarfen da ke ƙarƙashin wuyan katako, cikinta kuma da haske, wannan wata magana ce.

Bari in daɗe a kan Martini, don ita ce zuciyar tambayarka, kuma a garin da kake zaune aka haife ta. BSA kamfanin maƙeran bindiga ne na Birmingham da aka kafa a 1861, masana'antarsa tana Small Heath. (Garin yana da tsohon tarihi da mu ta wannan fanni, mai ɗaci: dubban bindigogin da Turawa suka riƙa kaiwa gaɓar Afirka ta Yamma a zamanin cinikin bayi daga maƙeran Birmingham suka fito.) Abin da ya haifar da ƙananan bindigogin gasa shi ne yaƙin da Ingila ta yi da Buwa, Turawan da akasarinsu 'yan asalin Holan ne, a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902, inda manoma masu iya saiti suka wahalar da sojan sarauniya. Manyan soja, musamman Lord Roberts, suka dage cewa a koya wa talaka harbi. Filin harbin babbar bindiga yana buƙatar daji mai faɗi da harsashi mai tsada, ita kuwa .22 ana iya harba ta a ɗakin ƙarƙashin masana'anta mai tsawon yadi 25. A 1901 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na ma'aikata, wadda ta sauya suna a 1903, sannan a 1947 ta zama NSRA, ƙungiyar harbin ƙananan bindigogi ta ƙasa, da kulob ɗinka ke ƙarƙashinta yau. Ma'aikatan jirgin ƙasa, na gidan waya, na masana'antu, kowa da kulob ɗinsa. BSA ce ta cika musu rumbunan bindiga.

Tsarin Martini ya girmi duk wannan. Wani Ba'amurke, Peabody, ya ƙirƙiro shi, wani injiniya a Suwizalan, von Martini, ya gyara shi, sojan Ingila suka ɗauke shi a 1871 a babbar bindigarsu Martini-Henry. Babu sakata da ake ja baya. Akwai dunƙulen ƙarfe mai ƙyaure a bayansa, da hannu a ƙarƙashin bindigar. Ka danna hannun ƙasa, gaban dunƙulen ya sunkuya, kwanson da aka harba ya yi tsalle ya fita, sai ga wata 'yar kwata a bayan dunƙulen ta bayyana. Ka ɗora harsashi a kwatar, ka tura shi da babban yatsa ya zame ciki, ka mayar da hannun sama. Mai harbi a kwance, da majanyin fata ɗaure a damtsensa, yana yin duk wannan ba tare da ya ɗaga gwiwar hannunsa daga tabarma ko kuncinsa daga katako ba. Tafiyar allurar gajeruwa ce ƙwarai, tsakanin jan kunama da tashin harsashi babu lokacin da hannu zai karkata. A ƙananan Martini na BSA kuma, duk kayan cikin, dunƙule da kunama da hannu, suna zarewa a dunƙule ɗaya idan ka cire fil guda, dabarar da ta fito daga Francotte na Beljiyam. Wannan yana ba ka damar leƙa bututun daga baya da wanke shi daga baya, abin da zai yi maka amfani sosai ranar ciniki.

Kafin yaƙin duniya na biyu Model 12 da Model 15 ne suka cika kulob-kulob, bayan yaƙin aka sami 12/15. A 1950 BSA ta fito da International, wadda aka tsara da shawarar gwanin harbi na Amurka Al Freeland, don ta kara da Winchester 52 da Remington 37. Mk II ta biyo a 1953 da kunamar da ake iya daidaita nauyinta, Mk III a 1961 da bututu mai zaman kansa wanda katakon gaba ba ya taɓa shi. Akwai ta mai dama, akwai ta bahago, akwai mai nauyi da ta haura kilo 6, akwai mai sauƙi. Ka tambayi dattijon wace ce tasa, ka kwanta da ita ka ji, domin mai nauyin ba kowane kafaɗa take yi wa daɗi ba. Abin da ya kashe kasuwarsu shi ne Anschütz ta Jamus, wadda ta sake kafuwa a Ulm bayan yaƙi ta fito da Match 54 a 1954. Sannu a hankali manyan masu gasa suka koma kanta, Martini ta zama bindigar koyar da sababbin shiga.

Wannan tarihi shi ya sa take da araha a Ingila, kuma kada arahar ta sa ka raina ta. An ƙera su da yawa, tsofaffin da suka riƙe su suna ajiye harbi, matasa suna son sababbi, kuma doka ba ta barin mutum ya tara bindiga barkatai, kowace ɗaya sai da gurbinta a lasisi. Kaya sun yi yawa, masu saye kaɗan. Wannan bindigar da ake neman kai da ita a Birmingham, a Amurka ana rububinta. A ganina babu inda mai ƙaramin ƙarfi zai sami aikin ƙarfe irin wannan da kuɗi kaɗan kamar haka.

To, ga yadda za ka jarraba ta. Ka tabbatar babu harsashi, da idonka da yatsanka, ko da mai ita ya rantse. Ka zare kayan cikin, ka wuce da tsumma mai tsabta sau biyu ko uku, don datti da tsohon kaki suna ɓoye rami, kuma mai shafa wa bututu mai kafin ciniki ya san abin da yake yi. Ka sa farar takarda a ɗaya bakin ta maido haske, kada ka haska tocila kai tsaye, hasken yakan yi yawa ya rufe aibi. Zanen murɗe da ke cikin bututun, wanda ke juya harsashi sau ɗaya a kowane inci 16, ya kamata ya fito da kaifi tun daga baya har baki. A bindigar gasa da ta sha aiki za ka ga wani ɗan garje kamar yashi a ƙasan bututun, gaba kaɗan da mazaunin harsashi. Tokar sinadarin wuta ce ke kwanciya a wurin, harsashi na gaba ya bi ta kanta ya goga. Kaɗan daga wannan ba ya hana saiti. In ya yi nisa har zanen ya shafe a wurin, bututun ya kusa gajiya.

Sai ka ɗaura tsumma mai ɗan matsewa a sandar wanki ka tura a hankali daga baya, hankalinka a tafin hannunka. Ya kamata ka ji nauyi iri ɗaya har ƙarshe, ko ma ya ɗan ƙara matsewa kusa da baki. Idan a tsakiya sandar ta yi sako-sako ta zabura gaba sannan ta sake kamawa, akwai kumburi a wurin. Yana faruwa ne idan harsashi maras ƙarfi ya tsaya a cikin bututu, mai harbi bai lura ba ya aika wani a bayansa. In ka leƙa za ka ga baƙin zobe. Wasu masu kumburi suna ci gaba da saiti, amma darajar ta faɗi, kuma in kumburin yana kusa da baki ka haƙura da ita. Ka duba bakin kansa da gilashin ƙara girma: nan ne harsashi ke rabuwa da ƙarfe, ɗan tsagi ko lotsawa a gefe ɗaya ya isa ya karkatar da shi. Masu wanke bindiga daga gaba da sandar ƙarfe sun kashe bututu fiye da yadda harbi ya kashe.

Idan ka ga an buga kalmar Parkerifled a bakin ko a saman bututu, ma'anarta kamfanin Parker na Birmingham ya huda tsohon bututun ya zura sabon siriri a ciki. Aiki ne mai kyau, da yawansu suna saiti kamar sababbi, kuma ni ina ɗaukarsa wani ɓangare na tarihin bindigar kulob. Amma ka sani ba bututun asali ba ne, kuma farashi ya nuna haka.

Ido da hannu suna da iyaka, takarda ce ke yanke hukunci. Sa'arka ita ce mai bindigar ɗan kulob ɗinku ne, ka roƙe shi ku shiga fili tare. Ka zo da harsashin gasa mai matsakaicin gudu iri biyu ko uku, na kamfanin Eley, RWS, SK ko Lapua. Ka ɗora bindigar a kan jakar yashi don a fitar da kuskurenka daga lissafi. Duk lokacin da ka sauya iri, ka harba kamar goma a banza tukuna, domin kakin kowane kamfani daban ne, sai bututu ya shafu da sabon kafin ya natsu. Sannan ka yi rukuni-rukuni na biyar. A yadi 25 lafiyayyar International za ta ba ka rami ɗaya mai ɗan yagaggen baki. Ka dubi siffar ramukan: in sun yi tsawo kamar ƙwai, harsashin yana isa a karkace, bututun ko bakinsa ya mutu. Ka tattara kwanson da ka harba ka juya su a hannu. Gurbin da allura ta bari a leɓe ya zama mai zurfi, iri ɗaya a kowanne. Kwanso mai kumburi a gindi ko mai karce a jiki yana ba da labarin mazaunin da ya lalace. A tsofaffin bindigogin farauta kuma akwai wata cuta ta daban: wanda ya daɗe yana harba Short a mazaunin Long Rifle yakan bar zoben datti, wani lokaci zoben tsatsa, daidai inda gajeren kwanso ya ƙare, sai dogon ya riƙa maƙalewa.

Kada ka bar wurin ba tare da idon saitinta ba. Waɗannan bindigogi da ma'aunin Parker-Hale suke zuwa: na baya mai ɗan rami da ake leƙawa, da maɓallai biyu masu ƙas-ƙas na sama da ƙasa da na dama da hagu, na gaba kuma ɗan bututu ne da ake sauya masa zobba. Kamfanin ya daina yin su, kuma sau da yawa a kan raba su da bindiga a sayar daban, har kuɗin ma'aunin ya kusa kama na bindigar. Ka murɗa maɓallan ka ji kowane ƙas yana fita sarai, babu lilo. Ka tambayi dattijon gwangwanin zobban gaba, da majanyin fata, da maƙallin hannu da ke ƙarƙashin katako, da duk wata takarda ko katin gasa da ya ajiye. Irin waɗannan mutane sukan riƙe komai. Ka kuma zauna ka saurare shi: wa ya saya wa, a wane kulob ta fara, wace gasa ta ci. Ka rubuta. Bindigar da aka san hannuwan da ta bi ta fi wadda ta faɗo daga gwanjo babu labari.

A jikin bututun kusa da ganga za ka ga ƙananan tambura. Na gidan gwajin bindiga na Birmingham ne, wanda dokar majalisa ta kafa a 1813 kuma yana aiki har yau. A cikinsu akwai mai sanduna biyu a gicciye da ƙananan haruffa, wanda ke nuna shekarar gwaji. A Ingila laifi ne sayar da bindigar da ba ta da ingantaccen tambarin gwaji.

Brno ba ta buƙatar dogon bayani, don ba ta cika ba da matsala ba. Ƙirar Chekoslobakiya ce, mai sakata, Model 1 ta fito bayan yaƙin duniya na biyu, Model 2 a tsakiyar shekarun 1950, daga baya aikin ya koma masana'antar Uherský Brod inda ta zama CZ 452. Ƙarfe ne da katako zalla, gidan harsashinta na cin biyar, kuma an buga lambobi biyu na ƙarshen shekarar ƙira a gefenta, ba sai ka yi ta bincike ba. Abu ɗaya za ka kula da shi: manoman Ingila sun mayar da ita bindigar zomo, saboda haka da yawa an datse musu bututu, an yanka zare a baki don ɗaura abin rage ƙara, an cire ma'aunin gaba an jefar. Irin wannan tana da amfani a gona, amma ta fita daga sahun abin tarawa. Ka nemi mai cikakken tsawo, da ma'auninta na baya mai zamewa wanda aka rubuta wa nisa har mita 200, da hular ma'aunin gaba. Idan ta dillalin haka take, kuma ta shekarun 1950 ko 1960 ce, kada ka yi jinkiri.

Da waɗannan biyu kana da ta gasa ɗaya da ta farauta ɗaya, kuma daga nan ne zan ba ka shawarar da ta fi kowace wuyar bi: ka zaɓi zare ɗaya ka bi shi. Fagen yana da faɗi fiye da aljihun kowa. Akwai bindigogin koyar da soja, irin su Lee-Enfield No. 8 da ɗaliban soja na Ingila suka yi shekaru suna koyo da ita, da Mauser DSM 34 da KKW na Jamus, da TOZ-8 ta Rasha. Akwai na gasar Amurka, inda Winchester 52 ke sarauta: an nuna ta a 1919, aka yi ta ƙera ta har 1980, kuma kowane harafi, A, B, C, D, yana da abin da ya sauya. Na farkon, kafin A, an san su da tsagewar ƙarfe a kafaɗar hagu inda sakata ke kullewa, kusa da makullin tsaro. Ƙirarta ta farauta, wadda aka fara a 1934, kaɗan aka yi, tsadarta ta sa wasu ke datse ta gasa su sauya mata katako su sayar da sunan ta farauta, ga kuma waɗanda kamfanin Miroku na Japan ya sake ƙerawa a shekarun 1990, masu kyau amma ba tsofaffi ba. Mai tsalle daga wannan reshe zuwa wancan yakan ƙare da tarkace goma da bai san ko ɗaya da kyau ba, kuma shi ne abincin 'yan damfara. Kai da ke Birmingham, jerin Martini na BSA daga Model 12 zuwa International yana bakin ƙofarka, da masu gyaransa da waɗanda suka yi gasa da shi.

Wannan zare zai taimake ka wurin 'yan sanda ma. Dokar bindiga ta 1968 tana neman ƙwaƙƙwaran dalili ga kowace bindiga, kuma ƙarin gurbi sai ka nema an duba. Mutumin da ke zuwa kulob a kai a kai, ana rubuta harbinsa a littafi, kuma zai iya bayyana abin da yake tarawa da dalilinsa, ya fi samun sauraro. Kada wani ya ruɗe ka da cewa tsohuwar .22 kayan tarihi ce da ba ta buƙatar lasisi. Sassaucin kayan tarihi ya shafi bindigogin da harsashinsu ya ɓace daga kasuwa ne, .22 kuwa tana kowane shago, ko ta shekara 120 ce hukuncinta ɗaya da sabuwa. Haka nan lasisinka na Ingila ba ya aiki a Najeriya. Can dokar bindiga ta 1959 ta sa bindigar farauta irin wannan a ƙarƙashin lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, shigo da ita kuma yana da nasa izinin, fitar da ita daga Ingila ma haka. Kada tunanin kai ta gida a cikin kaya ya ko gifta maka. Ƙanƙantar harsashin kuma ba ta mayar da shi abin wasa ba, yana kisa, kuma yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi.

In ta shigo hannunka, ka bar ta yadda take. Kada ka kankare katakon don ya yi sabo, kada ka huda ƙarfen don ɗaura madubin hange, kada ka sa takardar yashi a kan tsatsa. Ɗan mai da tsumma mai laushi sun isa ga ƙarfe, ɗan man linsid kaɗan ga katako. Akwatin ƙarfen da ake kulle bindiga a ciki yana tara raɓa a sanyin Ingila, musamman in yana jingine da bangon waje, saboda haka ka sa jakar tsotse danshi a ciki, kuma kada ka bar bindiga a cikin jakarta mai soso. Ka jingine ta baki ƙasa bayan ka shafa mai, don kada man ya gangara ya jiƙa katakon wuya ya laushe shi. Wanki daga baya kawai, da sanda mai rufi da abin daidaita ta. Idan kana son gwada kunama a gida, ka sa kwanson da aka riga aka harba a mazaunin, kana juya shi don allura ta sami sabon wuri. Kuma ka riƙa kai ta fili, domin a can ne za ka gane wane harsashi take so. In ka dace da wanda ya yi mata, ka duba lambar rukunin da ke jikin kwalin, ka koma shagon ka sayi iya adadin da lasisinka ya yarda ka ajiye daga wannan rukunin.